Ruwan toka mai ɗumi: me ya sa yake sauya fuska a bango, kuma yaya ake sarrafa shi?

Tambaya: Wata mai koyon aikin tsara cikin gini ta rubuto cewa an ba ta aikin wani ƙaramin ofishi, har da shafinsu na intanet da takardunsu. Mai aikin ya ce ruwan toka yake so, lafaffe, mai ɗumi, wanda ba ya ɗaukar ido. Ta zaɓa daga katin fenti aka shafa, sai ga shi da yamma bangon ya koma kamar ruwan hoda, da safe kuma ya yi dishi-dishi kamar mai datti. Tana so ta san inda matsalar take, da abin da ake haɗa wannan launi da shi, da kuma ko lamba ɗaya za ta yi mata a bango da sikirin da takarda.

Amsa: Malama, kafin ki sake sayen ko bokiti ɗaya, ki ɗan dakata. Abin da kika gani ba ya nuna an sayar miki da jabun fenti, ba kuma ya nuna idonki bai iya zaɓe ba. Halin launin ke nan. Ja mai kauri ko shuɗi mai zurfi, duk inda kika kai su suna nan yadda suke, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Shi kuwa ruwan toka, launin da ke cikinsa ɗan kaɗan ne ƙwarai, don haka duk abin da ya faɗo masa daga waje, hasken taga ne, ƙwan fitila ne, katakon daɓe ne, sai ya rinjaye shi. Shi ya sa a wurina ruwan toka ne launi na ƙarshe da ake tsayarwa a ɗaki, ko da kuwa shi zai cinye mafi yawan bangon.

Mu fara da abin da ke cikin bokitin. Idan aka gauraya fari da baƙi kawai, ba a cika samun ruwan toka tsaka-tsaki ba. Baƙin da ake yi da kunkunniya yakan ja cakuɗin zuwa shuɗi-shuɗi, wato abin da masu zane ke kira mai sanyi. Don a kashe wannan sanyin ne ake ɗiga masa rawaya ko ja ko ruwan ƙasa, waɗanda galibi daga sinadarin tsatsar ƙarfe ake samun su. Wannan ɗan sirkin shi ne ɗumin, kuma shi ne tushen duk rigimar. Idan rawaya ce ta fi yawa, launin zai karkata zuwa ruwan rairayi. Idan rawayar ta haɗu da baƙi mai ɗan yawa, sai kore ya leƙo, domin rawaya da baƙi tsanwa-tsanwa suke haifarwa. Idan ja ne ya rinjaya, to hanyar ruwan hoda ko shunayya aka kama. Naki, daga bayanin da kika yi, mai sirkin ja ne.

Ba a ganin sirki idan aka kalli kati ɗaya shi kaɗai. Ki jera huɗu ko biyar a kan farar takarda, gefe da gefe, nan take za ki ga wannan ya yi ja-ja, wancan ya yi kore-kore, alhali ɗazu duk ruwan toka kike ganinsu. Idan katin mai tsani ne, daga mai haske zuwa mai duhu, ki duba na can ƙasa, a nan sirkin yakan fi tona kansa. Kamfanonin ma wani lokaci suna faɗa da bakinsu. Farrow & Ball na Ingila sun bayyana cewa fentinsu mai lamba 229, Elephant's Breath, yana da ɗan sirkin ja mai karkata zuwa shunayya. Revere Pewter na Benjamin Moore kuwa masu aiki da shi sun san yakan leƙa zuwa kore a wasu ɗakunan. Duka biyun ruwan toka ne mai ɗumi, amma wanda ya ɗauki ɗaya a madadin ɗaya zai sha mamaki.

Ni na fi yarda da lamba a kan suna, domin sunan fenti talla ce. Tun 1905 Albert Munsell a Amurka ya nuna cewa tambayoyi uku ake yi wa kowane launi: wane dangi ne, yaya haskensa ko duhunsa, sannan yaya ƙarfinsa. Tsarin NCS na ƙasar Suwidin yana amsa makamantan waɗannan tambayoyi a cikin lambar kanta. Ɗauki S 2005-Y20R. Wannan 20 ta farko na nufin baƙi kashi 20 cikin ɗari, 05 na nufin ƙarfin launi kashi 5, sannan Y20R na nufin rawaya mai ja kashi 20. Da kin ga Y50R, kin san ja ya kai rabi, idan kuwa Y80R ce, to ki sa ran ruwan hoda da yamma. Lafaffen ruwan tokan da mai aikinki yake nema yana zaune ne tsakanin 02 da 05 a lamba ta biyu. Da ta kai 10, a idona an bar ruwan toka an shiga ruwan madara ko ruwan ƙasa mai haske.

Sai batun haske da duhu. A bayan katin fenti da yawa akwai wata lamba da ake rubuta wa LRV, daga 0 zuwa 100, tana faɗin kashi nawa na hasken da ya sauka a bango zai dawo. Farin fenti yakan wuce 80, baƙi yana can ƙasa da 10. Agreeable Gray na Sherwin-Williams 60 ne, Repose Gray nasu 58, Revere Pewter kusan 55. Ba banza ba waɗanda suka fi kasuwa suka taru a wannan yanki: a nan ne launin yake da jikin da za a gan shi, bai kuma shanye hasken ɗaki ba. Ɗakin da tagarsa ƙarama ce, ki haura zuwa 65 ko 70. Ɗakin da rana ke cika shi kuwa, mai haske sosai zai wanke ya koma fari mara armashi, gara ki sauko.

To, yanzu ga ainihin abin da ya faru da bangonki. Idonmu ba fenti yake gani ba, hasken da fentin ya mayar yake gani, kuma hasken kansa yana da launi. Ana auna shi da Kelvin, sai dai lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce mai rawaya da ja, babba ita ce mai shuɗi. Tsohon ƙwan fitila mai zare yana wajen 2700. Farin ƙwan ofis yakan zama 4000. Hasken rana a ranar da gajimare ya rufe sama yana wajen 6500, hasken shuɗin sararin sama kuwa, wanda ke shigowa ta tagar da rana ba ta kallo, ya fi haka. Ban ga ofishin ba, amma da wuya in ba yamma tagarsa take kallo ba. Da safe rana tana bayan ginin, shuɗin sama kaɗai ke shigowa, shi kuma shuɗi idan ya sauka a kan ɗan rawaya da jan da ke cikin fentin sai ya kashe su, abin da ya rage shi ne wannan dishi-dishin da kika kira datti. Da la'asar rana ta sauko tana jifan bangon da haske mai ja, ja ya tarar da ja, ruwan hoda ya fito fili. Idan kuma aka kunna ƙwai masu 2700 a kai, an ƙara masa ƙaimi.

A ƙasashen arewacin duniya tagar arewa ce mai hasken sanyi kusan duk shekara, a kudancin duniya kuma tagar kudu. Kusa da tsakiyar duniya rana takan bi ta arewa wasu watanni, ta bi ta kudu wasu, don haka shawarar da aka rubuta don ɗaki a Landan ba lalle ta yi aiki a ko'ina ba. Gabas da yamma dai ba sa canzawa, kuma su ne masu wahala, domin ɗaki ɗaya yana ganin haske iri biyu kowace rana. A irin wannan ɗakin na fi son sirkin rawaya mai ɗan ja kaɗan, wajen Y10R zuwa Y30R, saboda yana jure safiya bai mutu ba, yana jure yamma bai yi hoda ba.

Akwai wata lamba a kwalin ƙwan fitila da mutane ke tsallakewa, CRI, wadda ke faɗin yadda ƙwan ke nuna launuka da gaskiyarsu, mafi girma 100. Ƙwan LED na gama-gari yakan tsaya wajen 80, kuma inda ya fi rauni shi ne ja mai zurfi. Abin takaicin, wannan jan ba ya cikin launuka takwas da ake haɗa makin CRI da su, lambarsa daban ce, R9. Ƙwan da jansa ya yi rauni yana iya mayar da ruwan toka mai ɗumi ya koma kore-kore da dare, mai ɗaki ya yi ta zargin mai fenti. Ki nemi 90 ko sama, ki kuma tabbatar duk ƙwayayen ɗaki ɗaya lambar Kelvin ɗinsu ɗaya ce. Na sha shiga ofis in tarar da bango guda ya rabu launi biyu, ba don komai ba sai don an sa 3000 a wannan kusurwa, 6500 a waccan.

Bayan haske sai maƙwabta, su kuma ta hanya biyu suke taɓa shi, hanyoyin ma kishiyoyin juna ne. Ta farko mai sauƙin ganewa ce, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: jan kafet yana watsa ja a ƙasan bango, ganyen bishiyar da ke bakin taga yana turo kore har silin. Ta biyu a cikin ido take faruwa. A 1824 aka naɗa masanin sinadarai Michel-Eugène Chevreul shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins da ke birnin Faris, ya tarar ana ƙorafin cewa baƙin zaren da ake rinawa ba ya fitowa da kyau. Da ya bincika sai ya ga rinin lafiyarsa ƙalau, launukan da ake saƙawa kusa da shi ne ke sauya yadda ido ke ganinsa. A 1839 ya wallafa ƙa'idar: ido yana tura kowane launi zuwa kishiyar maƙwabcinsa. Ruwan toka kusa da kore sai ya yi ja-ja. Kusa da shuɗi sai ya ƙara ɗumi. Kusa da katako mai ruwan lemo sai ya yi sanyi, har ya ɗauki shuɗi ko shunayya. Saboda haka idan akwai koren kujeru ko tukwanen shuke-shuke jingine da bangon naki, suna da hannu a ruwan hodar nan.

Wannan ne dalilin da na ce a bar shi ƙarshe. Daɓe, tayil, katakon teburi, dutsen kanta, firam ɗin taga, duk waɗannan an riga an kafa su, ko kuma zaɓinsu kaɗan ne, canza su kuma aiki ne babba. Fenti kuwa dubbai ne. Ki tara samfurin abubuwan da ba sa motsi, ki ajiye su wuri guda a cikin ɗakin, sannan ki nemo ruwan tokan da zai zauna da su lafiya.

Gwajin ma yana da ƙa'ida. Ɗan katin da bai wuce tafin hannu ba ba zai gaya miki gaskiya ba, domin launi idan ya bazu a fili mai faɗi yakan fi haske, sirkinsa kuma ya fi fitowa. Kada kuma ki shafa samfur kai tsaye a tsakiyar tsohon fenti, tsohon zai yi masa abin da Chevreul ya faɗa. Ki samu farin kwali babba, kamar rabin mita kowane gefe ko fiye, ki yi masa shafi biyu, ki bari ya bushe sarai, don ɗanyen fenti da busasshe ba ɗaya ba ne. Sannan ki riƙa yawo da shi: bangon da ke kallon taga, bangon da tagar take jikinsa, kusurwa mai duhu, ƙasa kusa da daɓe. Ki gan shi da safe, da azahar, da la'asar, da kuma dare a ƙarƙashin fitilun da za a zauna da su. A tsaye za ki riƙe shi kamar bango, ba a kwance a kan teburi ba. Ki kira mai aikin ya gani da idonsa a lokacin da launin ya fi muni, ba lokacin da ya fi kyau ba. Gani ya kori ji, kuma hakan zai raba ki da gardama daga baya.

Sai tambayarki ta biyu, abin da ake haɗa shi da shi. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗauka tunda launin lafaffe ne, komai na ɗakin ma ya lafa: bango ruwan toka, kujera ruwan toka, labule ruwan toka, duk a mataki ɗaya na haske. Sakamakon ba natsuwa ba ne, gajiya ce. Ido yana neman inda zai sauka. Ɗakin da aka gina a kan ruwan toka mai ɗumi yana bukatar abu guda mai haske sosai da abu guda mai duhu sosai, ko da ƙanana ne. Farin silin da farin bakin ƙofa su ne na farko. Siririn baƙin ƙarfe na ƙafar teburi, ko firam, ko katako mai duhu, su ne na biyu. Da an sa waɗannan biyun, sai ruwan tokan ya samu matsayinsa a tsakani, ya daina kama da farin da ya tsufa.

Farin ma sai an zaɓa. Fari mai sirkin shuɗi, irin mai ƙyalƙyalin nan, idan ya jingina da ruwan toka mai ɗumi sai ya sa shi ya zama kamar ya yi datti. Fari mai ruwan madara sosai kuma sai ya tura shi zuwa shunayya. Abin nema shi ne fari mai ɗan ɗumi kaɗan, daga dangin sirkin bangon.

Inda wannan launi ya fi nuna kansa shi ne a jikin abubuwa, wato kaushi da santsi. Tunda ba ya jan ido da ƙarfin launi, sai ya bar ido ya lura da saƙar yadi, da jijiyar katako, da ramukan dutse. Duba abin da mai zanen gine-gine Louis Kahn ya yi a gidan adana zane-zane na Kimbell da ke Fort Worth a jihar Teksas, wanda aka buɗe a 1972. Kankare ne mai ruwan toka, da dutsen tirabatin mai ruwan madara, da katako mai haske a daɓe, sai hasken rana da ke shigowa ta tsagar rufi ya bugi faifan alminiyam ya bazu a jikin kankaren. Kusan babu wani launi mai ƙarfi a ginin, amma ba wanda zai ce masa fayau, domin kowane abu da yadda yake karɓar haske. A cibiyar bincike ta Salk da ke Kalifoniya, ta 1965, ya haɗa kankare da katakon tik da wannan dutsen dai. Ba sai kina da kuɗin tirabatin ba. Labulen lilin ko auduga mai kauri, kafet na ulu, kujerar fata, tukunyar yumɓu marar sheƙi, teburin katako da ba a lulluɓe shi da man ƙyalli ba, duk aiki ɗaya suke yi.

Mutanen Japan sun daɗe da sanin wannan. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, hukuma ta sha kafa dokokin hana talakawan birni sa tufafi masu ƙawa, sai marina suka zuba basirarsu a cikin abin da aka bar musu, har aka riƙa cewa ruwan ƙasa iri 48, ruwan toka iri 100. Ba ƙidaya ba ce ta haƙiƙa, nufin dai suna da yawa, kuma masu sanya su suna bambance su.

Game da ƙarfe, tagulla da jan ƙarfe da baƙin ƙarfe marar sheƙi duk suna zama da shi lafiya. Farin ƙarfe mai walƙiya yana da sanyi, ana iya sa shi, amma kaɗan. Launin ƙawa kuwa, wanda za a ɗiga a matashin kujera ko hoton bango ko tambarin kamfani, na fi son wanda shi ma an ɗan kashe masa kaifi: jar ƙasa, kore mai duhu irin na ganyen zaitun, shuɗi mai zurfi, rawaya mai nauyi. Shuɗi mai zurfi ne abokin da ba ya ba da kunya, domin yana ƙara fito da ɗumin bangon. Abin da nake gudu shi ne haɗa ruwan toka mai ɗumi da mai sanyi a mataki ɗaya na haske, misali bango mai ɗumi da tayil mai shuɗi-shuɗi. Kowanne yana tona asirin ɗan'uwansa, sai a ga kamar an yi ƙoƙarin dacewa ne aka kasa. Idan dole ne su haɗu, ɗaya ya fi ɗaya duhu nesa ba kusa ba.

Sheƙin fenti ma yana sauya shi. Marar sheƙi shi ke ba da laushin da ake nema, yana kuma ɓoye ƙurajen bango, sai dai ba ya son yawan goge-goge. A hanyar wucewa da wurin da hannu ke yawan taɓawa, ki ɗauki mai ɗan sheƙi kaɗan. Mai ƙyalli sosai madubi ne, launin kayan ɗaki zai riƙa nunawa, ba nasa ba.

Tunda ofis ne da jama'a za su riƙa shiga, akwai abin da ya wuce kyau. Mai raunin gani da dattijo suna gane ƙofa da bango da bakin matakala ne ta bambancin haske da duhu, ba ta sirki ba. Ma'aunin Birtaniya mai lamba BS 8300 yana ba da shawarar tazarar maki 30 na LRV tsakanin irin waɗannan sassa. Bango mai 60 yana son ƙofa ko bakin ƙofa mai 30 ko ƙasa, ko kuma fari tas mai kusan 90. Yayin shafe komai da launi ɗaya, har ƙofa da marikinta, yana kyau a hoto, amma wanda idonsa ya raunana lalube zai yi.

Za ki ji masu cewa ruwan toka ya tsufa. Akwai ƙamshin gaskiya. Shekarun 2010 sun cika gidaje da ofisoshi da mai sanyin, har mutane suka ƙosa. Pantone, kamfanin da ke tsara lambobin launi, ta sa Ultimate Gray cikin launuka biyu na shekarar 2021, zuwa 2025 kuwa ruwan ƙasa ta zaɓa, Mocha Mousse. Abin da aka gaji da shi dai shi ne ɗakin da komai nasa toka ce mai sanyi, har da daɓen roba mai kwaikwayon katako. Mai ɗumi, launin dutse da yumɓu da ɗanyen lilin, ya riga yayin zuwa, ban kuma ga alamar zai bi shi tafiya ba.

Tambaya ta uku amsarta a'a ce. Lamba ɗaya ba za ta yi ba, domin bango yana mayar da haske ne, sikirin yana fitar da nasa, takarda kuma tawada ce a kan wani farin da shi ma yake da launinsa. Abin da za ki riƙe shi ne dangin sirkin, sai ki nemo masa lambar da ta dace a kowane wuri, ki gwada su da ido.

A sikirin lissafin a bayyane yake. Idan ja da kore da shuɗi, wato R da G da B, suka zo daidai, kamar #808080, ruwan toka ne tsaka-tsaki. Mai ɗumi shi ne wanda R ta ɗan fi G, G ta ɗan fi B. Jerin da Tailwind CSS, wani kayan aikin tsara shafin intanet, ke kira stone, wanda kafin fitowar sigarsu ta 3 a 2021 sunansa warmGray, misali ne mai kyau: #D6D3D1 na nufin 214 da 211 da 209, tazarar maki 5 kacal tsakanin ja da shuɗi, amma ido yana jin ta. Ki gina tsani cikakke, daga mai haske kamar #F5F5F4 don shimfiɗar shafi har zuwa #1C1917 don rubutu, maimakon baƙi ƙirin, wanda yakan yi tsauri a kan shimfiɗa mai ɗumi.

Tarkon da masu son laushi ke faɗawa a nan shi ne rubutu mai dishi-dishi. Ƙa'idar WCAG ta sauƙaƙa karatu a intanet tana neman bambancin haske da duhu na 4.5 da 1 tsakanin rubutu na yau da kullum da abin da ke bayansa, da 3 da 1 ga manyan haruffa. #78716C a kan fari tas yana ba da kusan 4.8, ya tsallake. Ɗora shi a kan #F5F5F4, sai ya sauko kusan 4.4, ya faɗi, alhali da ido ba za ki ga wani bambanci ba. #57534E a kan wannan shimfiɗar yana kusan 7, shi ne na rubutu. #A8A29E kuwa ko a kan fari kusan 2.5 ne kawai, ki bar shi ga layukan ado. Ki tuna mai karatu yana iya kasancewa a tsakiyar rana da tsohuwar waya, wani kuma ya kunna tsarin dare da ke ƙara wa sikirin rawaya, wanda zai mayar da ɗan ɗuminki ruwan madara. Saboda haka a sikirin gara sirkin ya yi ƙasa da wanda kika sa a bango.

Takarda ta fi su duka taurin kai. Injin ɗab'i yana haɗa tawada huɗu, CMYK, wato C shuɗi mai haske, M ja mai karkata zuwa shunayya, Y rawaya, K baƙi, kuma ruwan tokan da aka gina da uku na farko a kan siririn zare yake tafiya. Don a samu tsaka-tsaki ma sai C ta fi sauran, kamar 50 da 40 da 40, idan ɗaya ta gota da maki biyu ko uku a kan injin, rabin katunan za su fito ja-ja, rabi kore-kore. Hanya mafi aminci ita ce a gina shi a kan baƙi, a ɗiga masa rawaya da ja kaɗan, misali K 25 da Y 7 da M 4, a bar C a sifili. Idan tambari ne da za a yi ta bugawa shekara da shekaru, a yi amfani da tawada ta musamman. Pantone tana da jerin Warm Gray daga 1 zuwa 11, kowanne da harafin C a ƙarshen lambarsa don takarda mai santsi da U don marar santsi, kuma lamba ɗaya ba ta fitowa iri ɗaya a kan biyun. A idona jerin nan yana ɗan karkata zuwa ja, ki gwada shi da kwalin bangonki kafin ki amince. Ki nemi gwajin bugu a kan ainihin takardar da za a yi aikin da ita, ki duba shi a hasken Kelvin 5000, wanda shi ne ma'aunin maɗaba'a. Idan kuma akwai allon suna ko firam na ƙarfe da za a fesa, masu wannan aikin da lambobin RAL na Jamus suke magana: 7044 da 7032 suna ɓangaren ɗumi, 7035 da ake yawan gani a akwatunan lantarki mai sanyi ne, kada a ba ki shi a madadinsu.

Bangon da aka riga aka shafa kuwa, ki fara da abin da ba ya cin kuɗi sosai. Ki sauya ƙwayayen zuwa 3500 ko 4000 masu CRI 90, duka iri ɗaya. Ki janye duk wani kore daga jikin bangon na kwana biyu ki gani. Ki rataya farin labule marar kauri a tagar yamma don ya tace jan la'asar. Sau da yawa waɗannan ukun sun isa. Idan bayan haka ruwan hodar yana nan, to sirkin ne bai dace da ɗakin ba, sai ki koma wurin masu haɗa fenti da lambar wanda kika saya, ki ce a ba ki mai haske ɗaya da shi amma a rage ja a ƙara rawaya, ki karɓi ƙaramin gwangwani tukuna, ki shafa a kwali.